Siffar Fikafikan Lagireto da Kwaikwayon Gudun Iska a Kwamfuta: Darasi daga Kan Iyakar Jibiya

Tsakure

Wannan takarda ta yi bayani a kan yadda ake kyautata aikin na'urar musayar zafi ta hanyar tsara fikafikanta da kuma kwaikwayon gudun iska da ruwa a kwamfuta. An ɗauki lagireton manyan motocin da ke ƙetare iyakar Jibiya zuwa Maraɗi a matsayin misali. Takardar ta nuna cewa lagireton da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne wanda zai ci gaba da wuce da iska bayan ya sha ƙura, kuma a lokacin da mota take tsaye cikin zafin bazara. Lissafin kwamfuta ba zai kai ga wannan ba sai an ɗora shi a kan yanayin wurin, wanda saninsa yana hannun direbobi da makanikai, kuma da Hausa suke faɗarsa. A nan ne manazarta harshe suke da rawar takawa.

Muhimman Kalmomi: lagireto, fikafikai, musayar zafi, kwaikwayo, ƙura, Jibiya

1.0 Gabatarwa

Duk injin da ke ƙona mai yana haifar da zafi fiye da wanda yake iya juyawa zuwa aiki. A injin mota, kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ke cikin man da aka ƙona yana ƙarewa ne a ruwan da ke sanyaya injin. Idan ba a fitar da wannan zafi ba, ruwan zai tafasa, kan injin ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, mota ta tsaya. Na'urar da ke fitar da shi ita ce lagireto, wanda yake ɗaya daga cikin dangin na'urorin musayar zafi, wato na'urorin da ke ɗauke zafi daga wani abu mai gudana su miƙa shi ga wani ba tare da sun cakuɗu ba. Ragar da ke bayan firji, da akwatin waje na na'urar sanyaya ɗaki, da fallayen da ke jikin taransifoma, duk daga wannan gida suka fito.

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙa'idar abin, ko da bai rubuta ta da lissafi ba. Uwargida takan zuba kunu mai zafi a faffaɗar ƙwarya ta fifita shi da faifai. Mai shayi yakan sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi don ya huce. A nan an yi abu biyu: an faɗaɗa fuskar da zafi zai fita, an kuma sa iska ta motsa a kanta. Fikafikan lagireto aikin faffaɗar ƙwarya suke yi, fanka kuma aikin faifai. Abin da injiniyoyi suka ƙara shi ne awo da lissafi.

2.0 Jibiya a Matsayin Fagen Nazari

Jibiya hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Katsina ta nufi Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Shingen kan iyaka yana Magama, daga nan sai Ɗan Isa a ɓangaren Nijar. Hanya ce ta hatsi da dabbobi da siminti da sauran kayan masarufi, kuma manyan motoci ne ƙashin bayanta.

Abubuwa uku na wannan wuri sun shafi lagireto kai tsaye. Na farko zafi: a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas. Na biyu ƙura: daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso lallausar ƙura daga Sahara, musamman daga Kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma ƙaiƙayi da ƙwari a lokacin kaka. Na uku tsayuwa: mota mai nauyin kaya takan bi dogon layi a gaban jami'an kwastan, tana matsawa kaɗan-kaɗan da injin a kunne. Rufe iyaka da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun nuna yadda motoci kan yi cirko-cirko a irin wannan wuri.

Lalacewar mota a nan ba ƙaramar magana ba ce. Tumatir da albasa ba sa jiran makanike, dabbobin da ke cikin mota suna galabaita, kuma yankin ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, ta yadda kwana a gefen hanya yakan zama kasada da rai. Haka kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 a hannun kamfanin Mota-Engil, ta Jibiya ya bi. Duk kan jirgi mai amfani da dizal da zai hau shi zai shaƙi wannan ƙura.

3.0 Yadda Lagireto Yake Aiki

Lagireto yana da tankuna biyu da jerin siraran bututai a tsakaninsu. Famfon ruwa yana turo ruwan zafi daga inji, ya ratsa bututan, ya koma ya ɗan huce. A tsakanin kowane bututu da maƙwabcinsa an cusa siririn fallen ƙarfe mai lanƙwasa. Waɗannan fallaye su ne wannan takarda ta kira fikafikai. Mafi sauƙin ganinsu shi ne a jikin injin babur, inda suke fitowa jere kamar haƙoran mataji. Irin lagireto mai ramuka kamar saƙar zuma ya samo asali ne daga aikin Wilhelm Maybach na Jamus, a motar Mercedes ta 1901.

Yawan zafin da lagireto yake fitarwa ya dogara ga abubuwa uku, kamar yadda dokar hucewa ta Isaac Newton ta 1701 ta nuna: faɗin fuskar da iska take taɓawa, da bambancin zafi tsakanin ruwa da iska, da kuma saurin yadda iskar take karɓar zafin.

A ɗauki bambancin zafi. Idan ruwan inji yana digiri 90, iskar safiyar hunturu kuma tana digiri 20, bambancin 70 ne. Idan bazara ta kai iska digiri 42, bambancin ya koma 48. Ke nan lagireto guda, ba tare da wani lahani a jikinsa ba, ya rasa kusan kashi 31 cikin 100 na ƙarfinsa saboda sauyin yanayi kawai. Wannan shi ya sa motar da ta yi aiki lafiya a Disamba takan fara tafasa a Afrilu.

A ɗauki kuma bambancin ruwa da iska. Ruwa yana riƙe zafi fiye da iska sau huɗu idan nauyinsu ɗaya, kuma ya fi ta nauyi fiye da sau 800 idan mazubinsu ɗaya. A misalce, don a fitar da zafi mai ƙarfin kilowat 100, lita 4 ta ruwa a daƙiƙa ta wadatar idan ruwan zai huce da digiri 6. Amma ana buƙatar iska kusan mita 3 ta murabba'in ciki a kowace daƙiƙa, wato lita 3,000, idan za ta ɗumama da digiri 30. Saboda haka cikas ɗin yana ɓangaren iska, kuma a nan ne ake ɗora fikafikai.

4.0 Tsara Fikafikai

4.1 Mayafin Iska

A 1904 Ludwig Prandtl ya bayyana cewa duk iskar da ke wucewa a kan wani abu tana barin siririn sashenta manne da fuskar abin, kusan ba ya motsi. Ana iya kiran wannan sashe mayafin iska. Iska ba ta wuce da zafi sosai: ƙarfinta na yin haka kimanin 0.026 ne a ma'aunin da alminiyam yake da 237, jan ƙarfe kuma kusan 400. Don haka mayafin yana zama kamar bargo a jikin fiffike, kuma yana ƙara kauri gwargwadon nisan da iska ta yi a kan fuskar. Yawancin dabarun tsara fikafikai ƙoƙari ne na yayyaga wannan bargo.

4.2 Ire-iren Fikafikai

Akwai fikafikai masu santsi, waɗanda iska take bi miƙe. Su ne mafi ƙarancin fitar da zafi, su ne kuma mafi sauƙin wankewa. Akwai masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa, masu sa iska ta riƙa karkata tana bugun bango. Akwai masu guntaye da aka jera a saɓe, ta yadda mayafin yake sake farawa daga kowane guntu. Akwai kuma masu tagogi, waɗanda aka tsattsaga aka karkata yankan kamar tagar nan mai jerin gilasai. Wannan nau'i na ƙarshe shi ya mamaye motocin zamani, domin yana fitar da zafi mai yawa a ƙaramin wuri. Littafin W. M. Kays da A. L. London na Jami'ar Stanford, wanda ya fara fitowa a 1955, ya tattara awon irin waɗannan siffofi, kuma har yau injiniyoyi suna komawa gare shi.

4.3 Tsawo, Kauri da Tazara

Gindin fiffike, inda ya manne da bututu, ya fi ƙarshensa zafi. Idan fiffike ya cika tsawo ko siranta, ƙarshensa yakan huce har ya kusa daidai da iska, sai ya zama nauyi kawai. Tazara kuma takobi ce mai kaifi biyu. Matse fikafikai yana ƙara faɗin fuska, amma yana ƙuntata hanyar iska. Tirjiyar da iska take fuskanta tana ninkuwa kusan sau huɗu idan aka ninka saurinta sau biyu, ƙarfin da fanka take ci kuma yana ninkuwa kusan sau takwas. Wannan ƙarfi daga injin yake fitowa, wato daga man da direba ya saya. Shi ya sa masu ƙera taraktoci da motocin haƙar ma'adinai, waɗanda ke aiki cikin ƙura, sukan ba fikafikansu tazara mai faɗi, su kuma guji masu tagogi.

4.4 Ƙarfen da Ake Amfani da Shi

Tsohon lagireto na jan ƙarfe da tagulla ne, an haɗa su da dalma. Na zamani na alminiyam ne, galibi da tankunan roba. Jan ƙarfe ya fi wuce da zafi, amma dalmar da ke haɗa fiffike da bututu tana rage wannan fifiko. Alminiyam ya fi sauƙin nauyi da araha. Sai dai akwai ma'aunin da ba ya fitowa a lissafi: mai gyaran lagireto a bakin tasha yana iya buɗe na jan ƙarfe, ya zura tsinke ya share bututai, ya liƙe da dalma, mota ta kama hanya. Tankin roba idan ya tsage, sau da yawa sai dai a nemi sabo.

5.0 Kwaikwayon Gudun Iska a Kwamfuta

Kafin zuwan kwamfuta, duk sabuwar siffa sai an ƙera ta an gwada, abin da ke cin kuɗi da lokaci. Lissafin da ke bayyana motsin ruwa da iska ya daɗe: Claude-Louis Navier na Faransa ya kafa shi a 1822, George Stokes ya kammala shi a 1845. Osborne Reynolds kuma ya nuna a 1883 cewa gudana iri biyu ce, mai natsuwa da mai hargitsi. Matsalar ita ce wannan lissafi ba ya warwaruwa da hannu sai a siffofi masu sauƙi. A 1972 Suhas Patankar da Brian Spalding, a Kwalejin Imperial ta Landan, suka fito da wata hanyar warware shi mataki-mataki a kwamfuta, wadda manhajoji da yawa suke bi har yanzu. Daga cikinsu akwai Ansys Fluent, wadda ake saya, da OpenFOAM, wadda aka sake ta kyauta a 2004.

Aikin yana da matakai biyar. Da farko a zana siffar fiffike da bututu. Na biyu, a yayyanka sararin da iska za ta bi zuwa ƙananan ɗakuna dubbai ko miliyoyi, kamar ragar kamun kifi, a ƙanƙanta idanun ragar kusa da ƙarfe inda mayafin iska yake. Na uku, a ba kwamfuta sharuɗɗa: zafin iskar da ke shigowa, da saurinta, da zafin bututu. Na huɗu, kwamfuta ta yi ta maimaita lissafi a kowane ɗaki har amsa ta daina sauyawa. Na biyar, a gwada amsar da awon zahiri. Sakamakon yakan fito da launuka masu nuna inda iska take gudu, da inda take kwanciya, da inda zafi ya taru. Da haka ana iya gwada siffofi hamsin kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Mataki na uku shi ne wurin da hankali ya kamata ya tsaya. Kwamfuta tana amsa tambayar da aka yi mata ne kawai. Idan aka gaya mata iska tsaftatacciya ce, mai digiri 25, tana shigowa daidai ta ko'ina, za ta zaɓi fikafikai masu tagogi a matse. Amsar daidai take ga wancan yanayi, amma yanayin ba na Magama ba ne.

6.0 Sharuɗɗan da Jibiya Take Gindayawa

Kwaikwayon da zai amfani wannan hanya yana buƙatar sharuɗɗa huɗu.

Na ɗaya, zafin iska. A ɗora lissafi a kan tsakiyar ranar bazara, a kuma tuna cewa iskar da ke kan kwalta, a tsakanin motoci, ta fi wadda aka auna a inuwa zafi. A manyan motoci da yawa iska tana fara ratsa wata na'urar musayar zafi, mai sanyaya iskar da injin zai shaƙa, kafin ta iso lagireto, don haka tana isowa da ɗuminta.

Na biyu, tsayuwa. Motar da ke gudu tana samun iska kyauta daga gaba. Wadda ke layi ta dogara ga fanka kaɗai, fankar da bel yake juyawa kuwa a hankali take tafiya idan injin yana silo. A wannan hali iskar zafi da ta fita ta baya takan zagayo ta gefe ta sake shiga ta gaba. Kwaikwayo yana nuna wannan zagaye ƙarara, yana kuma nuna amfanin murfin da ke kewaye fanka, wanda akan cire a lokacin gyara a ƙi mayarwa. Idan babu shi, fanka tana jan iska ne ta da'irar da ke gabanta kawai, kusurwoyin lagireto su zauna ba aiki.

Na uku, ƙura. Manhajojin suna iya sakin ƙwayoyin ƙura a cikin iska su bi sawunsu. Lallausar ƙurar hunturu ita kaɗai takan wuce. Amma idan ƙaiƙayi da fuka-fukan ƙwari suka maƙale a bakin fikafikai, ko ɗigon mai ya jiƙa su, sai su zama rariya mai tare ƙura har ta yi ɓawo. Babbar illar ɓawon ita ce toshe hanyar iska. Tagogin fikafikai, da yake su ne mafi ƙanƙanta, su ke fara cikewa, daga nan fiffike mai tagogi ya rasa fifikonsa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: wace siffa ce za ta fi aiki bayan wata uku na hunturu?

Na huɗu, ruwa. Direbobi da yawa ruwan rijiya ko na burtsatse suke zubawa maimakon ruwan lagireto mai magani. Ma'adinan da ke cikinsa suna daskarewa a cikin bututai kamar farin ɓawon da ke kama gindin butar shayi, kuma wannan ɓawo ya gaza alminiyam wajen wuce da zafi fiye da sau ɗari. Murfin lagireto ma yana da nasa aiki: matsin da yake riƙewa yana ɗaga mizanin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120. Murfin da robarsa ta mutu ya zubar da wannan rata.

Idan aka haɗa waɗannan, alkiblar da ƙa'ida take nunawa ita ce fikafikai masu santsi ko masu 'yar lanƙwasa, da tazara mai faɗi, da lagireto mai faɗin fuska maimakon mai kauri, da murfin fanka cikakke, da raga a gaba wadda ake iya cirewa a kakkaɓe. Wankewa kuma daga baya zuwa gaba ake yi, da ruwa marar matsi sosai, don kada fikafikai su kwanta. Ainihin tazarar da ta fi dacewa kuwa aikin kwaikwayo ne da awo a kan motocin da ke bin hanyar.

7.0 Rawar Manazarta Hausa

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai gyaran lagireto a Jibiya ko Katsina ko Maraɗi ya san wace mota ce take yawan tafasa, a wane wata, da abin da yake samu idan ya buɗe. Wannan shi ne ainihin abin da mataki na uku yake nema. Injiniya yana da manhaja, makanike yana da sharuɗɗa, harshen da zai haɗa su kuma Hausa ce.

Aiki biyu ne a gaban manazarta. Na farko tattara kalmomin sana'a. Kalmomi irin su lagireto da fanka da gasket da bel sun riga sun zauna a bakin jama'a. Kan iyaka kuwa wuri ne da aro daga Ingilishi yake haɗuwa da aro daga Faransanci, kamar yadda kwastan na wannan gefe yake zama duwan a wancan. Kwatanta sunayen sassan inji a Magama da Ɗan Isa fage ne mai albarka ga mai nazarin aron kalmomi. Na biyu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa fannin harshe da adabi wannan hidima, fannin injiniya ma yana buƙatar irinta. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, kamar fikafikai da mayafin iska da raga, shawara ce da za a gwada a bakin masu sana'a, abin da suka karɓa shi ne zai rayu.

Cibiyoyin da za su ɗauki aikin suna kusa: sassan injiniya da na harsuna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi. Akwai kuma abin koyi a gida. Tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan lambu, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000, ta yi nasara ne domin ta tashi daga sanyin randa da kowa ya sani, da yumɓun da maginan tukwane suke da shi.

8.0 Kammalawa

Takardar ta bayyana cewa cikas ɗin lagireto yana ɓangaren iska, cewa fikafikai suna magance shi ta faɗaɗa fuska da yayyaga mayafin iska, kuma kowane ƙarin fitar da zafi yana zuwa da ƙarin tirjiya da saurin toshewa. Kwaikwayo a kwamfuta yana sauƙaƙa zaɓi tsakanin siffofi, amma ingancinsa bai wuce ingancin sharuɗɗan da aka ba shi ba. Sharuɗɗan Jibiya su ne zafin bazara, da tsayuwa a layi, da ƙurar hunturu, da ruwan rijiya. Ana ba da shawarar a fara da tattara bayanai da kalmomi daga masu gyaran lagireto a ɓangarorin iyakar biyu, a auna zafi da ƙura a kan motoci tsawon shekara guda, sannan a shigar da sakamakon cikin kwaikwayo, a kuma mayar wa direbobi da makanikai abin da aka gano a cikin Hausa.